Injin Jirgi da Zumuncin Juma'a a Jabal Auliya



Sharhinmu na yau Sudan zai kai mu, amma bakin ruwa za mu, ba fagen daga ba. In ka baro Khartum ka miƙi hanyar kudu, ka wuce Shajara, ka ratsa unguwannin Kalakla, bayan tafiyar kilomita 40 da 'yan kai za ka hango wani tsauni a gefen Farin Nilu. A gindinsa madatsar ruwa ta miƙe ta tsallaka kogin. Nan ne Jabal Auliya.

Kafin watan Afrilun 2023, duk ranar Juma'a wurin nan cika yake yi. Motocin haya na sauke iyalai da tabarmi da tukwane da buhunan gawayi, masu shayi da gahawa sun jera kujeru a inuwa, masu suyar kifi kuma na tsamo karfasa daga mai suna zubawa a faranti da burodi da lemun tsami da yaji. Samari masu kwale-kwale na ta kiran jama'a a zo a zaga ruwa. Mutanen Sudan na kiran irin wannan fita rihla, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu na Kano da Sakkwato da Damagaram da suka yi karatu a Jami'ar Afirka sun san ta sarai, don kuwa hotunanta na nan a wayoyinsu.

To, mai kallo daga nesa zai ce ai cin kifi ne kawai da shan iska. Ni a ganina abin ya wuce haka. Babban birnin Sudan garuruwa uku ne, Khartum da Umdurman da Bahri, kogi ya raba su, gadoji suka haɗa. Wa yana Umbadda, ƙanwa na aure a Haj Yusuf, gwaggo na Mayo, kowa na fama da neman abinci. Gidan mutum ɗaya ba zai ɗauke su duka ba, amma bakin kogi zai ɗauka. A can ake ganin jaririn da ba a je sunansa ba, a can ake sasanta surukai, a can ake fara maganar aure a tsakanin 'ya'yan dangi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ga mutanen kogi, jirgi ne ƙafar, shi ya sa yau na ɗauko maganar injinsa.

Bari mu ɗan waiwayi madatsar kanta. Ba don Sudan aka gina ta ba. Masar ce ta biya kuɗin, wani kamfanin Ingila mai suna Gibson and Pauling ya yi aikin daga 1933 zuwa 1937. Dabarar ita ce a tare ruwan Farin Nilu a lokacin da Shuɗin Nilu ya kawo ambaliya daga tsaunukan Habasha, a riƙe shi, sai rani ya yi sannan a sake wa manomin Masar. Injiniyoyin Masar ne suka ci gaba da kula da ita har 1977, lokacin da aka miƙa wa Sudan, bayan babbar madatsar Aswan ta ɗauke wa Masar wannan buƙata. Tsawonta ya kai kusan kilomita 5, ruwan da ta tare kuma ya ja baya ɗaruruwan kilomita, ya wuce Duwaim, ya wuce Kusti. An yi mata ƙofa ta musamman da jirage ke bi su haye ko su gangara, daga baya kuma, a farkon shekarun 2000, aka dasa mata ƙananan injunan lantarki guda 80 masu ba da kimanin megawat 30. Masar ruwan noma ta nema. Talakan Khartum kuwa tafkin kifi ya samu, da wurin wuni.

Akwai wata baiwa da Allah ya yi wa wannan kogi wadda matuƙa suka daɗe da ganewa. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iskar hunturu kuwa daga arewa take busowa ta nufi kudu. Ke nan daga wajen Nuwamba zuwa ƙarshen sanyi, mai jirgi zai ɗaga babban ƙyallensa iska ta tura shi ya haura kogi, in zai dawo ya naɗe ƙyallen ruwa ya kawo shi gida. Da haka aka yi ta jigilar itace da hatsi da fasinja tun kafin a san fetur. Turawan mulkin mallaka ma sun ga wannan garaɓasa, suka kafa ƙungiyar masu tseren jiragen iska a bakin Shuɗin Nilu a 1926. Ofishin ƙungiyar shi kansa abin kallo ne: wani tsohon jirgin yaƙi ne mai suna Melik, wanda rundunar Kitchener ta zo da shi yaƙin Umdurman na 1898. Ambaliya ta ɗaga shi ta ajiye a tudu a ƙarshen shekarun 1980, ya zauna nan cikin yashi.

Kafin yaƙi, masu hali sosai kuwa gaɓar Bahar Maliya suke tafiya hutu. Daga Bur Sudan ake ɗaukar jirgi a yi kwanaki a teku, a je Sanganeb, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, ko Sha'ab Rumi inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ɗakunan zama a ƙarƙashin ruwa a 1963, ko a nutsa a kalli Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a 1940. Hutu ne mai daɗi, amma na masu dala ne, yawancinsu ma baƙi. Mu dai abin da ya haɗa mu da wannan gaɓa daban ne. Daga Sawakin kakanninmu suka riƙa shiga jiragen katako masu tafiya da iska su tsallaka Jidda, bayan sun yi shekaru a hanya tun daga ƙasar Hausa.

Waɗansunsu ba su ƙarasa ba, waɗansu sun je sun dawo suka yada zango. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Daga cikin sana'o'in da Hausawan Sudan suka yi fice a kai akwai kamun kifi. A wurare da dama a gaɓar Farin Nilu za ka iske masunta Hausawa, da birgi da kalli da mamari, suna kamo giwan ruwa da tarwaɗa da ƙurungu da karfasa, kifin da akan yi sammako da shi zuwa kasuwar Maurada ta Umdurman. Jiragensu kuwa irin waɗanda masassaƙan Abu Rauf suka shahara da su ne: katakon bagaruwa mai kauri, a haɗa shi da dogayen ƙusoshi, a cusa tsumma a tsakanin allunan don kada ruwa ya shiga. Saboda haka in ana maganar jirgi da inji a Jabal Auliya, maganar gida ake yi.

Sai yaƙi ya zo. Ranar 15 ga Afrilun 2023 rikici ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Cikin Nuwambar shekarar faɗa ya iso Jabal Auliya, gadar da ke kan madatsar ta lalace, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan laifi, garin kuma ya faɗa hannun RSF. A Disambar 2024 ruwa ya mamaye gidaje a Jazira Aba da kewayenta, abin da aka danganta da rashin buɗe ƙofofin madatsar yadda aka saba. Sai a ƙarshen Maris na 2025 soja suka karɓe wurin. A tsakanin nan mutum sama da miliyan 10 sun bar gidajensu a faɗin ƙasar. Dangin da ke haɗuwa a tabarma guda ranar Juma'a, wani ya tsinci kansa a Alƙahira, wani a Gadarif, wani a sansanin gudun hijira a Chadi, wani kuma sai dai addu'a.

Mai jirgin da Allah ya dawo da shi gida, ɗayan abu biyu zai tarar. Ko dai an kwance injin an yi gaba da shi, ko kuma yana nan inda ya ɓoye shi, cikin ɗaki ko ƙarƙashin tarkace, wata da watanni ba a tashe shi ba. Na biyun shi ake yi wa barka, amma kada ya yi saurin murna.

Ku zo mu tsaya wurin bakanike mu ga yadda ake duba irin wannan inji. Yawanci ɗan maƙale ne, wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi, mai ƙarfin doki 15 ko 40, kuma samfurin Yamaha Enduro na cikin waɗanda suka fi yawa a kogunan Afirka saboda sauƙin gyara. Bakanike ba ya fara jan igiya. Zai ɗaure injin a jikin katako, ya tsoma ƙafarsa cikin rabin duro cike da ruwa, ya cire fulogi, ya ɗiga mai a ramin, sannan ya kama ƙarfen saman nan mai juyawa ya gwada murɗa shi da hannu. In ya juya, da sauran magana. In ya ƙi, fistin ya kama, sai a bar shi ya kwana da mai a sake gwadawa. Daga nan ya kwance kafireta. Fetur ɗin da ya daɗe a ciki ya bushe ya bar wani danƙo ja mai wari, ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi, sai an jiƙa an busa. Sannan ya sunkuya ya kwance nocin da ke can ƙasa kusa da farfela, ya tara hannu. In man giya ya fito baƙi ko ruwan zuma, lafiya. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren koma ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwan. A nan za ka ji ya ɗago kai ya ce, “Baba, wannan fa sai an buɗe ƙasan gaba ɗaya.” Mai jirgi kuma ya ce, “Usta, a dai duba mini da sauƙi, ka san halin da muka fito.”

Akwai wata 'yar roba mai fukafukai a cikin ƙafar injin, ita ke zuƙo ruwan kogi ta zagaya da shi don kada inji ya yi zafi. Ba ta da tsada, amma ita ce ke kashe injuna. In ta daɗe a zaune takan bushe ta tsattsage, yashi da laka kuma na cinye ta, balle a Shuɗin Nilu lokacin ambaliya. Alamar lafiyarta ita ce siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji in yana aiki. Matuƙin kirki yana tafiya yana waiwayen wannan ruwa. Ya ɗauke, kashe inji nan take, in ba haka ba cikin 'yan mintoci ya buga. A Farin Nilu kuma ga kainuwa, wadda ta bayyana a kogin tun ƙarshen shekarun 1950 ta riƙa taruwa a bayan madatsar. Ganyenta da ledar da mutane ke yarwa su ne ke toshe ramin shan ruwan.

To, a gyara ne ko a sake sabo? Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. In matsalar ta tsaya a kafireta da fulogi da robobi, a gyara, asara ce a yar da shi. Amma in tsatsa ta ci ƙarfen cikin da fistin ke juyawa, ko injin ya taɓa nutsewa aka bar shi da ruwa a ciki, to a haƙura. Irin wannan zai tashi a cikin duro ya yi ƙara mai daɗi, a biya bakanike, a yi mako biyu, sannan ya mutu a tsakiyar ruwa. Masunci shi kaɗai kusa da gaɓa zai iya lallaɓa shi, in ya tsaya ya tuƙa da hannu ya fito. Wanda zai ɗauki mata da yara ba shi da wannan dama.

In an tashi saye, sai a auna allon bayan jirgi tukuna. Injunan nan ƙafarsu iri biyu ce, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Ka ɗaura gajera a dogon allo, farfela na shan iska tana ihu jirgi bai tafiya. Kada kuma kwaɗayin gudu ya sa a ɗora doki 40 a kan tsohon jirgin da aka sassaƙa don doki 15. Katakon da ya daɗe a tudu ya bushe ya ja jiki, ƙusoshi sun saki, babban inji zai iya ɓalle allon ya tafi da shi. A mayar da jirgin ruwa ya sha ya kumbura, a sake cusa tsumma, a canza duk allon da ya ruɓe. Sabon inji kuma yana da ladabinsa. Yawancin irin waɗannan ana gauraya musu baƙin mai ne a cikin fetur, kashi 1 cikin 50, wato mililita 400 a jarka mai lita 20, amma a awa 10 na farko ana ninka man, kuma ba a buɗe masa wuta duka. Wanda ya yi rowar mai a makon farko zai biya kuɗin fistin kafin shekara.

Ga wata magana mai nauyi. Da yawa ba za su iya sabo ba, sai na hannu. Kowa kuwa ya san yadda kasuwannin kayan ganima suka cika a lokacin yaƙin nan, da firji da janareto da kayan ɗakin amare. Injin jirgi yana da lamba a jikin maƙalarsa. In ka ga an kankare ta, ko mai sayarwa ya kasa faɗin inda ya samo shi, ka bar masa kayansa komai arha. Masuntan gaɓa guda sun san injunan juna, har tabon fenti da irin ƙarar da kowanne ke yi. Ranar da maƙwabcinka ya gane injinsa a bayan jirginka, gabar da za ta biyo baya 'ya'yanku za su gada.

Kuɗin fa? Mutumin da ya dawo ya tarar da gida babu ƙofa babu taga ba shi da kuɗin inji. A nan ne dangi ke shigowa, kuma ni a nan na fi ganin amfanin abin. Ɗan'uwa a Jidda ya turo wani abu ta manhajar Bankak, ƙanwa a Alƙahira ta sayar da ɗan kunnenta, abokan sana'a su yi adashi, wannan watan a saya wa wane, wata mai zuwa wane. Mutanen da yaƙi ya raba, waɗanda gaisuwar waya ma ta fara yin tsami a tsakaninsu don babu abin faɗa sai labarin mutuwa, yanzu sun sami abin tattaunawa: wane samfuri, nawa aka taya, wa zai je ya gani da ido. Sai dai kuɗin haɗaka shi ne kuma ya fi saurin raba 'yan'uwa. Tun kafin a ɗaura inji a zauna a fayyace: kyauta ce, rance ne, ko jari? In jari ne, nawa ne rabon inji a cikin kamun yini, nawa ne na jirgi da koma, nawa ne na masu shiga ruwa, kuma wa zai biya in ya lalace? A rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu wanda zai ce an raina shi don an ɗauko takarda da biro.

Na san akwai mai cewa, ƙasa na cikin wannan hali, ga yunwa, ga kwalara da ta yi ɓarna a Khartum a 2025, Jabal Auliya ma na cikin inda ta fi tsanani, wa ke ta yawon shan iska? Gaskiya ne, kuma ban ce a bar gyaran asibiti a sayi inji ba. Amma injin nan guda shi ke kai masunci inda kifi yake daga Asabar zuwa Alhamis, shi ke fito da mara lafiya in gada ta ƙi, ranar Juma'a ce kawai yake zama na nishaɗi. Kuma haɗuwar farko da dangi za su yi a bakin ruwan nan, rabinta ta'aziyya ce. Akwai mamatan da aka binne a tsakar gida ko a filin makaranta babu wanda ya zo gaisuwa. Akwai yaran da aka haifa a gudun hijira, kakanninsu ba su taɓa ɗaukarsu ba. Mutane na buƙatar wurin da za su zauna su yi kuka, su ci abinci tare, yara su yi guje-guje.

Sai dai a kiyayi ganganci. A watan Agustan 2018, a jihar Kogin Nilu da ke arewacin Sudan, injin wani jirgi ya mutu a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, yara 'yan makaranta 22 suka rasu tare da wata mata. Mu ma a gida ba mu manta da Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamban 2021, inda jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. A Jabal Auliya wurin da ya fi haɗari shi ne kusa da ƙofofin madatsar in suna buɗe, don ruwan na ja da ƙarfin gaske, jirgin da injinsa ya tsaya a sama da su ba shi da lokacin jiran taimako. A riƙa tafiya da anka da doguwar igiya da abin tuƙi na hannu, da fulogi na ajiya. Rigar ruwa kuma a fara sa wa yara. Gwajin farko na inji, sabo ne ko gyararre, matuƙi da bakanike kaɗai za su yi shi, babu fasinja ko ɗaya, su yi nisa su dawo, su kashe su tayar sau da dama.

A tudu ma da sauran hattara. Wuraren da aka yi faɗa na da ragowar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, saboda haka a shimfiɗa tabarma inda jama'a suka riga suka saba takawa, a kuma ja wa yara kunne kada su ɗauki ƙarfen da ba su sani ba. Ruwan sha a zo da shi daga gida ko a tafasa. Wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyayi kuwa, nan ake kwasar tsargiya.

Lokacin fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da zafi ya sauka, iska kuma ta daidaita. Daga Mayu zuwa Yuli lokacin habub ne, guguwar ƙurar nan da ke tasowa da la'asar ta rufe gari, tafki mai faɗi irin na Jabal Auliya kuma nan da nan yake tayar da igiyar ruwa. Agusta da Satumba na ambaliya ne. Wanda ke da niyyar tara dangi a hunturu, tun damina ya kamata ya kai injinsa wurin bakanike, don kayan gyara daga Bur Sudan suke tahowa, kuma sukan ɗauki lokaci a hanya.